Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Yadda Magidanci Zai Shirya wa Ambaliya Tun Bazara

Ruwan da ya ci katangar gidanmu ba wani mai ƙarfi ba ne. Yayyafin marka ne, kwana uku yana sauka kamar ba ya so. Sai ya ɗauke a fito da shanya, kafin kaya su sha iska ya dawo. A dare na uku, wajen ƙarfe biyu, muka ji rim! kamar an jeho buhun hatsi daga saman mota. Da muka haska tocila sai ga tsakar gidan maƙwabta a fili, har da akuyarsu a turke tana kallonmu. Allah ya kiyaye, ba kowa a gindin katangar. Da gari ya waye magini ya zo, ya tsuguna ya damƙi ƙasar gindin ginin ya murza, ta fito ta tsakanin yatsunsa kamar ƙullun ƙosai. Bai ce uffan ba, sai ya nuna mana rariyar da leda ta toshe tun bazara, wadda kullum ake cewa gobe za a zuƙe.

Tun daga ranar na lura da wani abu: ruwa ya fi son dare. Madatsar Alau ta ɓalle ne cikin daren wayewar 10 ga Satumban 2024, mutanen Maiduguri na barci, ruwa ya shiga Gwange da Kasuwar Monday da fadar Shehu da asibitin koyarwa, har namun gidan zu suka fito gari. A Mokwa ta jihar Neja, ruwan daren da ya waye 29 ga Mayun 2025 ya share Tiffin Maza da Unguwan Hausawa, mutum fiye da 150 suka rasu, ga shi damina ma ba ta kankama ba. Mutumin da aka tasa daga barci, cikin duhu, ruwa na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, yara na kuka, ba ya iya tsara komai. Abin da zai yi shi ne abin da aka riga aka yanke da rana tsaka, hankali kwance. Duk abin da ke ƙasa ƙoƙari ne na yanke waɗannan shawarwari tun da sauran lokaci.

Mataki na farko: san irin ruwan da ke nemanka

Ambaliya ba iri ɗaya ba ce, kuma shirin wata ba ya maganin wata.

Akwai ta kogi da madatsa. Ita ce ta mutanen Ringim da Auyo da Haɗeja da Guri, inda ruwan Tiga da Challawa ke bi, ga ciyawar kacala ta cushe hanyar kogi. Ita ce ta mutanen Adamawa da Taraba da Binuwai har Lakwaja idan aka saki ruwan Lagdo daga Kamaru, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022. Ita ce ta Sakkwato a 2010 da ruwan Goronyo, da ta unguwannin bakin kogi a Yamai a 2020, da ta masu zama gefen Gulbin Maraɗi. Wannan tana iya same ka rana na ƙwallewa, ko ɗigo bai sauka a garinku ba, don ruwan da aka yi a wata ƙasa ne ke isowa. Sauƙinta ɗaya, galibi tana ba da sa'o'i, wani lokaci kwanaki.

Akwai ta cikin gari: ruwan awa biyu kamar da bakin ƙwarya, kwata ta cika da shara, kududdufin da ke shanye ruwan unguwa an cike shi an yi shaguna. Wannan ba ta sallama. Sai kuma ta uku, wadda ba a cika kiranta ambaliya ba amma tana kashe mutane duk shekara, wato jiƙewar ginin ƙasa lokacin marka. Tsohon masallacin Birni na Damagaram, da ya haura shekara 150 a tsaye, a farkon Satumban 2024 ya zube bayan ruwa mai yawa. Idan irin wannan gini zai faɗi, ɗakin da aka yi da tubalin bara ba abin a saki jiki da shi ba ne.

Hanya mafi sauƙi ta sanin naka ita ce tambayar tsofaffin unguwa. Ka sami wanda ya fi kowa daɗewa a wurin ka ce, "Baba, a saninku ina ne ruwa ya taɓa kaiwa a nan?" Za su nuna maka da sanda: gindin tsamiyar can, ko dokin ƙofar masallaci. Ka riƙe wannan da muhimmanci. Alau ta taɓa yin irin wannan ɓarna a 1994, shekara 30 cif kafin ta 2024, kuma da yawa daga waɗanda ta biyun ta ci ba a haife su ba a ta farko, ko kuma baƙi ne da suka sayi fili da rani. Da rani kowane fili tudu ne. Mai niyyar sayen fili ko kama haya, ya daure ya je ya gan shi a watan Agusta, sa'a ɗaya bayan an ɗauke ruwa.

Mataki na biyu: aikin bazara a kan gini

Nan ne kuɗi da gumi suke, kuma nan aka fi yin sakaci. A fara tun Maris ko Afrilu, lokacin da ƙasa ke bushewa da wuri kuma magina ba su yi tsada ba.

Ka fara daga ƙasa, don ginin ƙasa daga gindi yake mutuwa. Zagaya gidan ciki da waje, kana ƙwanƙwasa gindin bango da sanda. Inda ka ji yana amsawa kamar ganga, ko ka ga gishiri-gishiri ya fito ƙasa na zuba, ruwa ya riga ya fara aiki. A kankare ruɓaɓɓen, a cike da sabuwar ƙasa da aka cuɗa da ciyawa ta kwana, sannan a zuba burji a gindin bangon a daɓe shi ya yi gangare zuwa waje, yadda ruwa ba zai sami wurin kwanciya ba. Wanda ke da hali ya zagaye gindin da dutse ko bulo layi biyu ko uku. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a watsa wa bangon ƙasa filastar siminti kawai a ce an gama. Siminti da ƙasa ba sa riƙe juna sosai. Idan ya tsage ruwa ya shiga ta baya, ba ya samun hanyar fita, sai bango ya ruɓe a ɓoye fuskarsa na sheƙi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka.

Sai a hau sama. Idan soro ne, a share shi tas, a cire ciyawar da ta tsiro, a toshe duk tsaga, a gyara gangaren ya nufi indararo. A zura sanda cikin kowane indararo, don tsuntsaye na yin sheƙa a ciki, kuma a tabbatar yana jefa ruwa nesa da bango, ba ya tsiyaya a jikinsa. Daga cikin ɗaki a duba azara: wadda gara ta ci ko ta lanƙwasa a canza ta, in babu hali a tokare ta da ginshiƙi. Kuma a daina laftar sabon yaɓe a kan tsoho duk shekara ba tare da an rage ba. Ƙasar na shan ruwa ta ƙara nauyi, azarar kuwa ita ce dai ta tun zamanin kaka.

Idan rufin kwano ne, abokin gabarsa iskar farkon damina. Yawanci ba kwanon ke tsinkewa ba, rufin ne gaba ɗaya ke tashi da katakonsa saboda ba a ɗaure shi da gini ba. A sa kafinta ya ɗaure katakon da langa-langa ko waya mai kauri a jikin bango, ya ƙara ƙusa a gefe-gefe da kusurwoyi inda iska ke fara ɗagawa. Duwatsu da tsofaffin tayoyin da ake ɗorawa a kan kwano dabarar talaka ce, na sani, amma ranar da iska ta fi ƙarfinsu a kan mutane suke sauka. Reshen darbejiya da ya rufa kan ɗaki ko kan wayar wuta, a sare shi yanzu.

Masai da rijiya su ma suna cikin lissafi. A ɗaga bakin masai sama da inda ruwa ke kaiwa, a yi masa murfi. Wanda ya kusa cika ko bakinsa ya fara zaftarewa a rufe shi a haƙa wani, nesa da rijiya da kamar mita 30 in fili ya ba da dama. Rijiya a ɗaure mata baki ya kai ƙugu, a rufe. Yawancin ciwon da ke biyo bayan ambaliya daga haɗuwar waɗannan biyun yake tasowa.

Rariya kuwa, kun ji labarinmu.

Mataki na uku: gayya

Ko ka gyara gidanka ya zama kamar na sarki, idan kwatar layinku a toshe take ruwan maƙwabci naka ne. A sami mai unguwa da liman a sa ranar gayya kafin ruwan farko, a sake wata a tsakiyar Yuli. A fara yashewa daga ƙarshen magudana, inda ruwa ke fita, a taho sama. In aka fara daga sama, dattin ne zai gangara ya toshe ƙasa. Kuma a kwashe abin da aka fitar a ranar. Sau nawa muka ga matasa sun sha wahala sun tara baƙar laka a bakin kwata, aka ɗauki hoto, ruwan dare ya mayar da ita inda ta fito?

A wannan zama ne za a rubuta gidajen da ke da tsoho, ko makaho, ko gurgu, ko mai tsohon ciki, ko matar da mijinta ke ci-rani, a raba su ga samarin layin, kowa ya san gidan da zai fara bugawa. Tsangayar almajirai ta shiga sahun farko, don yara ne da yawa, barci mai nauyi, galibi a ɗakin da ya fi kowanne rauni. A san wa ke da kwalekwale, wa ke da a-kori-kura, wa ke riƙe da makullin makarantar da ke kan tudu. Kafin jami'an agaji su iso, maƙwabta da masunta ne ke tsamo mutane, ko'ina haka abin yake.

Buhunan yashi, ga mai buƙata: kada a cika buhu taf, rabi zuwa kashi biyu cikin uku ya isa, don ya kwanta ya bi jikin ɗan'uwansa. A shimfiɗa leda mai kauri ko tamfol, a jera su kamar ginin bulo, na sama ya hau kan mahaɗar na ƙasa, a tattake. Suna kare ƙofa daga ruwan da bai wuce gwiwa ba. Ba sa tare kogi.

Mataki na huɗu: kasa kunne

A Nijeriya hukumar NiMet kan fitar da hasashen damina a farkon shekara, hukumar NIHSA kuma ta fitar da jerin jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya kafin ruwa ya sauka. Gidajen rediyo na karanta su da Hausa. A Nijar hukumar yanayi ta ƙasa na yin irin wannan, kuma ana sanar da hawan kogin Kwara a Yamai da launi: rawaya, ruwan lemo, ja. Ƙaramar rediyo mai batir ta fi waya amfani a irin wannan rana, don wuta da sabis su ne ke fara ɗaukewa. A adana lambar 112 a Nijeriya, 18 ta 'yan kwana-kwana a Nijar, da lambar mai unguwa da ta wani ɗan'uwa da ke zaune sama da ku a bakin kogi. Shi zai ga ruwan kafin ku. Saƙon murya da ke yawo a WhatsApp cewa dam kaza ya fashe, a tantance kafin a tura; amma in sanarwa ta fito daga hukuma ko daga fada cewa a tashi, ba lokacin gardama ba ne.

Mataki na biyar: zaman iyali

Wannan bai cin ko sisi, kuma a ganina ya fi duk sauran. Wata rana bayan sallar isha'i a tara kowa, har yara, a yanke abu huɗu.

Na ɗaya, alama. A sami wuri a waje, jikin turken wuta ko matakalar ƙofar gida, a ja layi da fenti ko gawayi, a ce idan ruwa ya taɓa nan za mu fita, ba sai an sake shawara ba. Amfanin layin shi ne yana raba mutum da "bari mu ga." Bari mu ga ko zai tsaya, bari mu ga ko maƙwabta za su fita, bari gari ya waye. Da haka ruwan idon sawu ke zama na ƙirji. A sa layin ƙasa-ƙasa, yadda in an fita ƙaramin yaro zai iya takawa da ƙafarsa. Masu ɗakin ƙasa kuma alamarsu daban: in aka kwana biyu ana ruwa, bango ya yi duhu har sama da gwiwa, ko ƙasa ta fara zubowa daga rufi, ko ƙofa ta fara cijewa ba ta rufuwa, ba a kwana a ɗakin nan. Gara rumfa a tsakar gida, nesa da katanga.

Na biyu, wuri. Ina za a je? A ambaci sunansa: gidan Kawu a unguwar tudu, ko makarantar firamare, ko masallacin Juma'a. A gaya wa masu gidan tun yanzu. A bi hanyar da ƙafa da rana tare da yara, a nemo ta biyu wadda ba ta ratsa gada ko kwari, don hanyar da aka saba bi kasuwa sau da yawa ita ce ke fara nutsewa.

Na uku, wa zai ɗauki wa. Uwargida ta goya jariri, babbar ya ta riƙe hannun ƙananan biyu, saurayin gidan ya kama kaka, maigida ya kashe wuta ya ɗauki jaka ya fito a ƙarshe yana ƙirga kawuna. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya kowace ta ƙirga na ɗakinta, sannan a haɗa jimilla, kada a manta da ɗan riƙo ko baƙon da ya kwana a zaure. Yaran da suka yi wayo su haddace lambar waya ɗaya. Ƙanana a rubuta a takarda a naɗe a leda a sa musu a aljihu.

Na huɗu shi ne wanda ake jin nauyin faɗa. Maigida ya furta a gaban kowa cewa in ruwa ya zo ba ya nan, matan gidan su fita da yara, ba sai sun jira izininsa ba. Magana ce ta daƙiƙa goma, amma rashinta na iya tsayar da mace a ɗaki tana neman layin da ba ya shiga.

Sai tsofaffi. Kusan kowane gida akwai wanda zai ce nan aka haife shi, nan zai mutu, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Ba a yi musu da tsawa, kuma ba a bari sai daren. Na ji yadda wata ta shawo kan surukinta, ta durƙusa ta ce, "Baba, mun san ba ku tsoron ruwa. Amma in kuka zauna, yaran nan ba za su tafi su bar ku ba, kun san halinsu. Ku taimaka mana ku ja su gaba." Ya yi shiru, can ya ce a ɗauko masa buzunsa da carbi. In aka zo batun tawakkali, Annabi (SAW) cewa ya yi da mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah.

Mataki na shida: jaka

Jaka ɗaya, wadda mutum ɗaya zai iya saɓawa ya kuma riƙe yaro da ɗaya hannun. A rataye ta a ƙusa kusa da ƙofa daga Yuni zuwa Oktoba.

Takardu su ne kan gaba: na fili da gida, katin ɗan ƙasa, takardun haihuwa da na makaranta, katin rigakafin yara, katin asibiti. A sa a leda biyu, a ƙulle kowace daban, ko a cikin bokitin fenti mai murfi. A ɗauki hotonsu da waya a tura wa wani ɗan'uwa a wani gari. Katifa ana sake saya. Takardar filin da kaka ya bari, in ta narke, shari'a ce ta shekaru. Sai tsabar kuɗi ƙananan canji, don ranar da babu sabis kuɗin da ke cikin waya ba ya sayen ko biredi. Sai maganin masu hawan jini, ciwon suga, asma ko farfaɗiya, na aƙalla mako guda. Tocila da batir, abin cajin waya, ashana a cikin leda, sabulu, gidan sauro, zane biyu, audugar mata, ƙullin gishiri da sukari na asibiti, da maganin tsabtace ruwa irin su WaterGuard ko Aquatabs. Abinci wanda ba ya son wuta: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dabino, soyayyar gyaɗa, sukari.

Ruwan sha ba ya shiga jaka, amma a tanade shi. A lissafa lita 3 ga kowane mutum a rana don sha kawai. Gida mai mutum 10, kwana uku, lita 90 ke nan, wato jarka huɗu masu cin lita 25. A ɗora su a kan wani abu mai tsayi, a riƙa sabunta ruwan. Jarkar da ba komai a ciki, in an ɗaure murfinta tam, tana iya riƙe babban mutum a saman ruwa, don haka kada a raina ta.

Mataki na bakwai: hatsi da dabbobi

Buhunan hatsi su bar ƙasa. A jera bulo, a ɗora katako, a bar tazara tsakaninsu da bango. Iri da taki su fi kowa hawa sama, in da hali ma a kai rabin irin gidan wani a tudu. Manomin fadama ya bi hasashen shekara wajen zaɓen iri mai saurin nuna, kada kuma ya zuba duk jarinsa a gona ɗaya ta bakin ruwa.

Dabbobi a kai su tudu tun ana ganin hanya, da harawarsu. In ruwa ya riga ya shigo, a kwance su. Akuya da saniya suna iyo, amma ba a turke ba. A buɗe akurki. Kuma kada wanda ya riga ya tsira ya koma don tunkiya. An yi asarar rayuka da dama ta wannan hanya.

Iska da tsawa

In hadari ya haɗo da iska, a shigo da yara, a kawar da kwanoni da faranti da duk abin da zai iya tashi, a nisanci katanga da turakun wuta. In ana tsawa kada a fake a gindin bishiya, musamman wadda ke tsaye ita kaɗai a fili. Makiyaya da manoma sun fi kowa shiga wannan haɗari. A fito daga ruwa, a ajiye fartanya, a nemi gini ko cikin mota mai rufi. A ba da minti 30 bayan tsawar ƙarshe kafin a koma gona. Wanda tsawa ta faɗa wa ba ya ɗauke da wuta a jikinsa, a taɓa shi a taimake shi nan take, a garzaya da shi asibiti.

Daren da ruwa ya zo

A tashi kowa, a sa takalmi. A kashe wutar gida daga babban makunni tun ƙasa na bushe. In ruwa ya riga ya kai wurin, a bar shi, kada a taɓa da jiƙaƙƙen hannu ko ana tsaye cikin ruwa. A rufe tukunyar gas. A buga wa maƙwabta ƙofa, a sa a yi shela a lasifikar masallaci. A fita.

Ruwa mai gudu ya fi yadda ido ke ganinsa ƙarfi. Wanda bai wuce santimita 15 ba, ɗan sama da idon sawu, yana iya kayar da babban mutum. Santimita 30 na ɗaga ƙaramar mota, 60 kuwa na tafiya da yawancin motoci, balle babur ko Keke Napep. Direban da ya ga ruwa ya rufe kwalta ya juya, ko fasinjoji na zuga shi, don ba wanda ya san ko kwalbatin na nan ko ya tafi. In mota ta mutu cikin ruwa yana hawa, a fita ta taga a hau samanta tun ƙofa ba ta cije ba. Masu tafiya a ƙasa su riƙe sanda suna dogara ta a gaba, saboda kwata da rijiya da masai duk sun ɓace a ƙarƙashi. Wayar wuta da ta faɗi a ɗauka tana da wuta.

In an makara hanya ta rufe, a hau sama: bene, rufin siminti, tudu. Ba kan soron ƙasa ba, ba kan katanga ba. A riƙa haska tocila, a ɗaga zane mai haske. In wani ya faɗa ruwa a miƙa masa gora, ko a jefa igiya ko jarka. Wanda bai iya ruwa sosai ba ya faɗa ceto, gawa biyu ake nema. Kwalekwalen ceto kuma kada a cika shi fiye da kima, ko da sawu biyar za a yi.

Bayan ruwa ya janye

A 2022 ambaliya ta kashe fiye da mutum 600 a Nijeriya ta raba sama da miliyan ɗaya da gidajensu, kuma wahalar da yawa daga cikinsu bayan janyewar ruwan ta fara. Amai da gudawa ne ke fara zuwa. Duk ruwan sha a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a sa maganin tsabtacewa yadda aka rubuta a jikinsa a jira minti 30. Alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta. Ruwa na iya yin garau da kwalara a ciki. Rijiyar da ambaliya ta shiga ba a sha sai an kwashe ta, an yashe, an sa duba-gari ko ma'aikatan lafiya sun zuba mata magani. A wanke hannu da sabulu, in babu da toka.

Wanda ya fara gudawa a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take. In babu na ƙulli, a haɗa: lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, rabin cokali na gishiri. Ya riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan ko yana amai, jariri kuma a ci gaba da ba shi nono. In gudawar ta zama kamar ruwan shinkafa, ko ido ya faɗa, ko fitsari ya ɗauke, asibiti kai tsaye, ko da tsakar dare ne, don kwalara na iya gamawa da mutum cikin sa'o'i. Bayan mako biyu zuwa uku sai sauro ya biyo baya: gidan sauro ko a sansani, kuma zazzaɓin yaro a kai a gwada.

Macizai ma ruwan ya kore su daga ramukansu, kuma busasshen wurin da ka samu shi suka samu. A zazzage tabarma da takalmi, kada a zura hannu cikin tarin itace ko bayan buhu ba a haska ba. In kububuwa ko wani maciji ya sari mutum, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure wa da igiya tam. A cire zobe da awarwaro, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar dafin maciji, irin na Kaltungo a jihar Gombe ko babban asibiti mafi kusa.

Komawa gida a yi ta da rana, babba ɗaya ya fara shiga. Bangon ƙasa da ya sha ruwa yana iya faɗuwa ko bayan ruwan ya janye, don haka a sa magini ya duba kafin a mayar da yara. Kada a kunna wuta sai mai gyaran wuta ya gani, janareta kuma a waje, nesa da taga, don hayaƙinsa na kashe mutane cikin barci. A ɗauki hoton ɓarnar kafin a fara gyara, a kai suna wurin mai unguwa don rajistar hukumar agaji ta jiha ko ta ƙasa, wato NEMA. Abincin da ruwan ya taɓa a zubar. Hatsin da ya jiƙe sama-sama a baza shi a rana da wuri, amma masara ko gyaɗar da ta yi funfuna ta tashi daga abinci, dafinta hanta yake ci, kuma ko dabba ba a ba.

Kafin a yi sabon yaɓe, a sami ƙusa a buga a jikin bango daidai inda ruwan ya tsaya, a rubuta shekarar a gefe. Da wannan ƙusar za a auna tsayin dandamalin da za a ɗora hatsi baɗi, da inda za a mayar da soket, da inda za a ja sabon layin fita.